Katin Yaya, Ƙafar Ƙane

A duk faɗin Santa Rufina babu wanda ya sha giyar masara ta banza kamar Eleuterio Chunga mai aski. Baƙo in ya shigo gari, kafin a nuna masa coci sai an kai shi shagon askin, a ce ga mutumin da ya jefa ƙwallon da ta kawo mana kofi. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya karkaɗe tawul, ya miƙa hannu ya karɓi ƙoƙo. Mutumin da ko lemon tsami ne ya gangaro gabansa, in ya kai masa ƙafa sai ya kife.

Ga yadda abin ya faru, tunda babu wanda ya gaya wa 'yan yanzu. Zamanin da auduga ke da daraja, masu gonaki da masu injin gurza suka haɗa Gasar Kwari, aji na biyu, garuruwan bakin kogi kaɗai. Wanda ya ci, shi zai je ya gwada sa'arsa da manya na Lima, babban birnin ƙasa. A bayan motar auduga 'yan wasa ke tafiya, su sauka fari fat kamar an tsamo su daga buhun gari. Sau ɗaya tak Santa Rufina ta kai wasan ƙarshe. Ana gab da bugawa, sai Nicanor, ƙanen Eleuterio, wanda shi ne ƙafar ƙungiyar, ya kwaɗa wa alƙalin wasa mari, aka dakatar da shi. Dattawan ƙungiya suka tuna Eleuterio ma yana da kati, don an taɓa sa sunansa a matsayin cike gurbi, ga shi su biyun kamar an tsaga kara. Aka karɓi katin yaya aka ba ƙane. A babban birnin lardi aka buga, mutanen gari a rediyo suka ji. Mai sharhi yana ta kurma ihu, Eleuterio, Eleuterio, alhali Eleuterio na kwance ƙarƙashin gadon uwarsa, an ce kada ya kuskura ya leƙo.

Kowa ya sani a lokacin, kowa kuma ya kama bakinsa, kada 'yan San Cirilo da aka doke su ji su kai ƙara. Daga baya ambaliya ta cinye hanya da gadoji, auduga ta faɗi, mutanen Lima suka sake tsarin gasanni suka share ta Kwari kamar ba a taɓa yi ba. Ranar ya kamata Eleuterio ya buɗe baki. Bai buɗe ba, ƙoƙon ya yi masa daɗi. Waɗanda suka san gaskiya suka riƙa mutuwa, ƙarya kuwa tana ƙiba. Nicanor ya ƙare yana tura baro a kasuwa da gwiwa ɗaya. In ya ɗan sha ya ce shi ya ci ƙwallon, sai a bushe da dariya, a ce hassadar ɗan'uwa ce. Haka ya mutu. Eleuterio ya ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa, ya yi kuka na gaske, amma ko a bakin kabarin bai ce uffan ba.

To bana sabon magajin gari, wanda ba a ma haife shi ba lokacin, ya ce za a zana tarihin gasar a katangar tsohon fili. Aka ɗauko mai fenti daga birni. Ya karɓi hoton Eleuterio na samartaka, ya zana shi tsawon mutum biyu, ƙafa a sama, ƙwallo na tashi, sunansa a ƙasa da jan fenti.

Ranar Alhamis da hantsi Hermelinda, matar marigayi Nicanor, ta shigo shagon da kwandon kifinta a ka. Ta dire shi a bakin ƙofa, ta haye kujerar aski ta zauna daram.

“Yaya Teyo, aski na zo.”

“Melinda, ai kin san ba na yi wa mata.”

“Na sani. Mazan ma ba aski kake musu ba, ƙarya kake shafa musu har wuya.”

Mutum biyun da ke jiran layi suka tuna suna da uzuri, suka sulale. Eleuterio ya tsaya da almakashi a hannu, yana kallonta ta madubi, don ya kasa kallonta kai tsaye.

Ta ce, “Jikata ta faɗa a aji cewa kakanta ne ya ci ƙwallon kofi. Malama ta tsayar da ita gaban yara ta ba da haƙuri a kan ƙarya. Ta ce ran Lahadi ta je ta karanta katanga. Yarinya ta dawo tana tambayata ko kakanta maƙaryaci ne. Kai za ka ba ta amsa, Yaya, ba ni ba.”

“Ki yi a hankali mana. In 'yan San Cirilo suka ji, kofin fa?”

“Su kai ƙara wajen wa? Hukumar da ofishinta ya koma shagon soya kaji? Gasa ta mutu, alƙalin ya mutu, mijina ya mutu, kai kaɗai ka ƙi mutuwa ka ƙi magana. Ni na gasa masa gwiwar nan da ruwan zafi har hannuna ya saɓule. Kai me ka gasa? Ƙurar ƙarƙashin gado?”

“Ban roƙi kowa ya ba ni sunan nan ba.”

“Ba ka roƙa ba, amma ka sha. Ran Lahadi za a buɗe katanga. Sunan Nicanor nake so a kai. Ba na son kuɗinka, ba na son hawayenka, na gan su a maƙabarta, ba su wanke komai ba.”

Ta sauka, ta ɗauki kwandonta, ta bar masa ƙarnin kifi a kujera.

Eleuterio bai iya cin abincin rana ba. Shinkafa da waken suka huce a gabansa. Abin da ya riƙa dawo masa shi ne wata ranar kasuwa da wasu baƙi suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, Nicanor ya zo wucewa da baro cike da rogo, ya tsaya, ya kalle shi. Kallo kawai. Shi kuma ya ce wa baƙin, ƙanena ne, ku ba shi hanya.

Ya tashi ya nufi gidan Anacleto, mai tsaron gida na wancan zamanin, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka buga. Ya same shi a ƙofar gida yana ɗinkin koma.

Anacleto ya ce, “Ashe zakaran gwajin dafi ne da kansa. Ta zo maka, ko? Ni ma ta biyo ta nan, har kare na ya sha zagi.”

“Cleto, gaskiya take faɗa.”

“Wa ya ce ƙarya take? Ina tsaye a raga na ga ƙwallon. Amma bar kaza cikin gashinta, Teyo. Garin nan me ya rage masa? Auduga ta tafi, samari sun tafi. Ka ce musu abu ɗaya da suke taƙama da shi da maguɗi aka samo?”

“Yarinyar fa?”

Anacleto ya ja zare da haƙori ya tsinke.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci gari ya taru a bakin fili, da masu busa da masu ganga. Aka yaye ƙyallen da ya rufe katanga, aka yi tafi. Magajin gari ya miƙa wa Eleuterio abin magana. Hermelinda na tsaye a gaba, hannu a ƙugu, ba ta ko sauya zanen kasuwa ba.

Eleuterio ya ce, “Ba ni na ci ƙwallon nan ba. Ban taɓa buga wasa ba a rayuwata. Nicanor ne, da katina.”

Sai wani ya yi dariya, wani ya ce kai, dattijo akwai sauƙin kai, aka sake ɓarkewa da tafi. Magajin gari ya karɓe abin maganar yana dafa kafaɗarsa, ya ce Baba Eleuterio yana tuna ɗan'uwansa ne, Allah ya ji ƙan sa, kun san tsufa. Masu busa suka ɗora. Eleuterio ya duba ko'ina yana neman Anacleto. Bai zo ba.

Ya tsaya sororo. Ya faɗi gaskiyar, ga shi ba mai saye. Sai idonsa ya kai kan gwangwanayen fentin da aka jingine a gindin katanga. Ya ratsa mutane, ya tsoma buroshi cikin fari, ya shafe sunansa daga farko har ƙarshe. Busa ta tsaya. Mai fenti ya dafe kai yana cewa, Baba, aikina, aikina. Wani ɗan sanda ya matso, magajin gari ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, don mutane sun riga sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Eleuterio ya juyo yana haki, fenti har gwiwar hannu.

Hermelinda ta ce, “Shafewa ba rubutawa ba ce. Da na iya rubutu, da ban jira ka ba.” Ta tura masa gwangwanin ja da ƙafa. “Rubuta.”

Ya durƙusa ya rubuta a kan ɗanyen fenti. Jan ya narke cikin farin, haruffan suka karkace suna zubowa, amma ana karantawa. Ba wanda ya tafa.

Ta sa wata mata ta karanta mata da ƙarfi, sau biyu. Sannan ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon ƙaton saurayin da ke sama da sunan.

“Wannan hancin naka ne,” ta ce. “Na Nicanor a karye yake. Gobe ka nemo tsani.”