Sai Sun Tashi Tukuna

Arlene na cikin yanka naman alade a kicin ta ji katako ya faɗi tim a bayan ɗakin shanu. Maƙwabta ne suka taru yi mata gayyar gyara kafin a shiga girbin masara, domin in dusar ƙanƙara ta tarar da ɗakin a haka, sai dai labari.

Shekara da shekaru bangon kudu yana ruɓewa. Duk kaka sai ta tasa mijinta Merle a gaba da mita, shi kuwa ya nuna mata 'yan ƙwanso koraye da tsutsotsi suka rataya a jikin katakon, waɗanda malam-buɗe-littafi ke fitowa daga ciki, ya ce, "Sai sun tashi tukuna." Kafin su tashi girbi ya zo, kafin a gama girbi sanyi ya sauka. A coci, a kanti, babu wanda Arlene ba ta kai wa ƙarar Merle ba. Bana da bazara Merle ya rasu ya bar ta da bangon.

Ta fito da butar kofi, ta tsaya cak. Sun riga sun ɓamɓare bangon, sabon katako yana ƙyalli.

Duane, ƙanen Merle, ya sauko daga tsani yana washe baki.

"Matar Yaya, da bangon naki muka fara! Yau kunnuwan garin nan sun huta."

"Ba rufin za ku fara yi ba?"

"Haba! Bangon da kika hana mu sakat a kansa? Ki dai ƙaro mana nama."

"Sannunku da aiki," ta ce. Ita ta yi ta faɗa, su kuma suka ɗauka da gaske take, to wa za ta zarga? Sai yanzu ta ji Merle ya mutu sosai.

Ta ajiye butar ta nufi tarin tsofaffin katakan, ta durƙusa tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwansunan duk sun murƙushe, koren ruwa ya ɓata mata yatsu. Can ƙasa ta sami guntun katako, ƙwanso biyu na lilo a jikinsa, lafiya lau.

Ta miƙa wa Duane.

"Kafa mini wannan a sama."

"A kan sabon bango? Wannan ruɓaɓɓen? Wuta fa za mu sa wa tsofaffin katakan anjima."

"Sai sun tashi tukuna," ta ce.

Dariyar Duane ta ɗauke. Ya cire ƙusa daga bakinsa, ya hau tsani.