Kwalba Marar Suna

"Ya ɓata?" Asiyatu ta maimaita, tana gyara goyon da ke bayanta. "Ta yaya nama yake ɓata, Likita? Ƙafa gare shi?"

Ma'aikacin asibitin gundumar bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya takardun da ke gabansa.

"Mun aika da shi birnin Blantyre tare da sauran. Sun ce na mijinki bai iso ba."

"Sauran duk sun isa?"

Ya gyaɗa kai, idonsa a kan takardun. Mako bakwai ke nan da aka gutsuri nama daga gyambon da ke bayan kunnen mijinta Twaibu, don a gwada ko sankarar fata ce. Mako bakwai tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Kwalabe goma sha ɗaya suka bar asibitin, goma suka isa, kuma wadda ta ɓata ita ce ta Twaibu, shi da yake zabiya. A wannan yanki na Machinga ko yaro ya san akwai masu neman farce ko gashin zabiya don tsafin arziki, balle tsokar nama.

Twaibu yana zaune a benci, malafarsa a kan gwiwa, idanunsa a ƙanƙance saboda hasken taga. Ya yi 'yar dariya.

"Kin gani, Maman Lukiya? Ni ban taɓa zuwa Blantyre ba, amma namana ya shiga duniya yawon buɗe ido."

"Ba abin dariya ba ne."

"To kuka zan yi? Sai ki ce na ɓata miki riga."

Sa'arsu ɗaya, likitar fata da ke zuwa sau ɗaya a wata biyu tana nan a ranar. Ta sake yanka. Asiyatu ta riƙe hannun mijinta, ta ji yadda yatsunsa suka damƙe nata duk da allurar da aka yi masa. Da aka jefa ɗan farin naman cikin ƙaramar kwalba mai ruwan magani, aka manna takarda a jikinta, sai ta miƙa hannu.

"Ni zan kai."

"Akwai motar asibiti ranar Alhamis."

"Na gode. Na ga aikin motar asibiti. Ni zan kai."

Likitar ta dube ta, ta dubi farar yarinyar da ke barci a bayanta, sannan ta ninke takardar shaida ta haɗa mata da kwalbar.

* * *

Tun da gyambon ya ƙi warkewa gidansu ya koma kamar akurki. Da rana Twaibu ba ya fita saboda rana, da yamma ba ya fita saboda mutane. Gonar masarar da ya gada ta koma hannun Asiyatu, shi kuma yana zaune a ɗaki yana saƙar tabarma, rediyo a gefensa. Ita ta sa wa ƙofa sakata biyu. Ita ta ƙara wa malafarsa ƙyalle a baya don ya rufe ƙeya. Ta ɗinka wa Lukiya riguna masu dogon hannu har da na shekara mai zuwa, domin duk lokacin da hannunta ya tsaya sai zuciyarta ta fara aiki, kuma ba ta son inda take kai ta.

Kullum bayan sallar asuba sai ta cire bandejin, ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta kara babban yatsanta a kai. Wannan ne ma'auninta. Muddin yatsan yana rufe gyambon, tana iya hura wuta ta tuƙa tuwo kamar kowace mace.

"Ya rufe?" Twaibu ya tambaya a safiyar tafiyar.

"Ya rufe."

Ya rufe, amma da ƙyar. Ba ta faɗi wannan ba.

Surukarta, wadda za ta zauna da shi har ta dawo, ta iso da sandarta da guntun rake. Tsohuwar ta ɗauki kwalbar daga kan tebur, ta kai ta kusa da ido.

"Wannan rubutun fa? Me ya ce?"

Asiyatu ta karanta mata. Sunan Twaibu ne cikakke, da shekarunsa, da sunan ƙauyensu. A ƙasa kuma, da jan biro, an rubuta cewa zabiya ne.

Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Da wannan za ki shiga mota? Ai sun rubuta wa ɓarayi wasiƙa ce, har da kwatancen gida! Idan jakar ta faɗi fa? Idan ɗan sanda ya gani ya ce ke ma mai safarar naman zabiya ce?"

"Inna, likita ce ta manna," in ji Twaibu daga kan tabarma. "Ku bar musu abinsu."

"Likitar ce za ta kwana a gidan nan? Kai dai yi saƙarka."

Asiyatu ta tsaya tana kallon jan rubutun. Ta tuna bara, da aka tone kabarin wata yarinya zabiya a ƙauyen da ke bayan dutse, kwana uku da binne ta. Ta tuna baƙin da suka taɓa tsayawa a kan babur suna tambayar yara wane gida ne na farin mutum. Takardar shaida tana nan, za ta sa ta cikin rigarta inda ba hannun da zai kai. Me ya sa sunan zai zama a wuri biyu?

Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goga a hankali har takardar ta saki. Ta jefa ta cikin murhu. Sannan ta naɗe kwalbar a leda, ta tura ta tsakiyar ƙullin garin masara.

"Sajan ta gama shiri," Twaibu ya ce. "Da ke gwamnati ta ɗauka, da tuni ƙasar nan ta zauna lafiya."

"Kar ka buɗe wa kowa ƙofa, Baban Lukiya. Ko da muryata ka ji, ka tambaya sau biyu."

"Idan na tambaya sau biyu ai sai ki fasa ƙofar."

Ta so ta yi dariya. Ta gyara masa ƙyallen wuya, ta goya Lukiya, ta rufa mata zani har kai.

* * *

Ƙaramar bas ɗin ta cika har ƙofa. Ga kaji, ga kwandon busasshen kifi, ga wani mai buhun gawayi da ya rantse cewa buhun ba ya biyan kuɗin kujera. Zafi ya sa Lukiya ta ture zanin, farin gashinta ya bayyana. Idanu suka juyo kanta.

"Kai, direba, yi a hankali," wani mai jar hula ya ce daga baya. "Yau banki muka ɗauko."

Wasu suka yi dariya. Wata mai sayar da kifi ta juya ta watsa masa harara.

"Bankin gidanku! Da bakinka kamar na tarwaɗa. Ba ka da 'ya'ya ne?"

"Wasa nake, Mama."

"Ka je ka yi da uwarka."

Asiyatu ta kwance goyon. Ta dawo da yarinyar kan cinyarta, ta sa hannu ɗaya a kanta, ɗayan a kan ƙullin gari. Ta ji idon mutumin a ƙeyarta har suka wuce garin Zomba.

A shingen 'yan sanda aka sauke kowa. Wani kofur ya bi jakunkuna yana tsokana da sanda. Da ya zo kan nata sai ya sa hannu cikin garin, ya zaro ledar, ya ɗaga kwalbar sama. Ɗan naman ya juya a cikin ruwan.

"Wannan fa?"

"Maganin yarinya ne, ranka ya daɗe. Saiwa ce aka jiƙa."

Ya dubi kwalbar, babu rubutu ko ɗaya. Ya dubi Lukiya, ya yamutsa fuska, ya mayar mata.

"Ku dai da jiƙe-jiƙe. Ki kai ta asibiti."

Da motar ta tashi, Asiyatu ta sake tura kwalbar cikin garin. A ranta ta gode wa Allah, ta gode wa surukarta. Da jan rubutun nan yana nan, da yanzu tana bayan kanta a ofishin 'yan sanda tana rantsuwa, kwalbar kuma ta bi ta farko.

* * *

Ɗakin gwajin babban asibitin Blantyre yana can ƙarshen wani dogon baranda. Ta bi layi har bayan azahar. Matar da ke bayan taga mai gilashin ido ce, da alamar gajiya a fuskarta. Ta karɓi takardar ta karanta, ta karɓi kwalbar ta juya ta gaba da baya.

"Ina takardar jikinta?"

"Na cire. Amma ga wannan, komai yana ciki."

"Kin cire?"

"Saboda hanya, Anti. Kin san yadda ake."

Matar ta ajiye kwalbar a hankali. Ta cire gilashinta ta murza ido.

"'Yar'uwa, wannan takarda ta ce Twaibu. Kwalbar ba ta ce komai ba. Wa zai shaida cewa naman nan nasa ne?"

"Ni. Ina tsaye aka yanka. Hannunsa yana cikin nawa."

"Na yarda da ke. Amma ba zan iya karɓa ba."

"Ki dube shi mana, fari ne! Ki dubi 'yata!"

"A makon nan kaɗai na karɓi na zabiya huɗu. Idan na rubuta suna da hannuna, gobe aka yanke wa mutum kunne a kan naman wani, wa za a kama? An taɓa yi. Shi ya sa dokar ta yi tsauri."

Na bayanta suka fara gunaguni. Wani ya ce a yi sauri, su ma da marasa lafiya suka zo. Asiyatu ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu.

"To in mayar wa likitar ta sake mannawa."

"Ba za ta manna ba. Abin da ya bar hannunta ya dawo babu suna, ba za ta sa hannu a kai ba. Sai dai a sake yanka." Matar ta sassauta murya. "Yaushe za ta dawo wajenku?"

"Wata biyu."

"Ba za ki iya kawo shi nan ba, shi da kansa?"

Asiyatu ta tuna mai jar hula. Ta tuna rana a kan kwalta, da layin da za su kwana suna bi kafin a ba su ranar ganin likita, da inda za su kwanta su uku a garin da ba su san kowa ba, biyu daga cikinsu farare.

"Zan gani," ta ce.

Matar ta turo mata kwalbar ta ƙarƙashin gilashi.

"Ko in zubar miki? Muna da wurin ƙonawa."

"A'a." Ta yi saurin damƙe ta. "Ba na barin shi a hannun kowa."

Ta zauna a bencin baranda ta ba Lukiya nono. Mutane suna wucewa, ba wanda ya dube ta. Ta buɗe tafin hannunta ta kalli ɗan naman, bai fi ƙwayar wake ba. Tun safe take tsaron sa daga waɗanda za su iya kashe mutum a kansa, ga shi ta kawo shi wuri ɗaya tak da ba ya da amfani ga kowa.

* * *

Washegari da hantsi ta iso gida, bayan ta kwana a barandar asibitin tare da masu jinya. Ta ƙwanƙwasa.

"Waye?"

"Ni ce."

"Waye?" Tana jin murmushi a muryarsa.

"Buɗe, Baban Lukiya."

Sakata ta farko ta zame, ta biyu ta bi. Surukarta ta tafi rijiya. Twaibu ya karɓi yarinyar ya ɗaga ta sama, yana tambayarta ko ta gaishe masa da mutanen birni. Sai ya ga Asiyatu ta kwance ƙullin gari, ta zaro ledar, ta ajiye kwalbar a kan tebur, daidai inda take jiya.

Ya matso da fuskarsa kusa, kamar yadda yake yi idan zai ga abu. Ya daɗe a haka.

"Takardar ce?"

Ta ɗaga kai alamar eh.

Bai ce ai na faɗa ba. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi. Ya sauke Lukiya, ya zauna a kan tabarmar da bai gama saƙawa ba, ya juya mata ƙeya.

"To, Sajan. Duba ki gani ko akwai sauran inda za su yanka."

Ta mayar da sakatun biyu. Ta ɗebo ruwan gishiri, ta durƙusa a bayansa, ta warware bandejin a hankali don kada ya ja. Ta wanke wurin. Sannan ta kara babban yatsanta.

Wani jan baki ya leƙo ta gefen farcen, siriri kamar zare.

"Ya rufe?" Twaibu ya tambaya.

Lukiya ta miƙa hannu tana son ɗaukar kwalbar, ta ɗauka abin wasa ne. Asiyatu ta ture ta da ɗayan hannun zuwa tsakiyar tebur. Ta ƙara danna yatsan, ta ɗan karkata shi, ta sake karkatawa.