Matashin Lulu

Kare a Makka, kuma a cikin ɗaki! Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki. Ita kanta Hadijatu da ba haka ta taso ba, da farko ko kallon Lulu ba ta son yi.

Aikatau take yi a unguwar Utaibiyya, gidan wata tsohuwar Balarabiya da 'ya'yanta suka sayo wa 'yar mitsitsiyar karya fara mai suna Lulu don ta ɗebe mata kewa. Girmanta bai wuce na mage ba, amma rigimarta ta fi ta jariri. Ba ta cin abinci sai an ba ta a hannu, in aka rufe ta ita kaɗai sai ta kama rawar jiki, in mai kawo gas ya buga ƙofa kuwa ta dinga haushi kamar ita ke biyan haya. Barci kuma sam ba ta yi sai a kan wani ɗan koren matashi da ta tattaune gefensa.

Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yan suka raba kaya, aka bar Lulu a tsakar gida tana kuka. Hadijatu ta kasa wucewa. Ta naɗe ta a mayafi, da matashin, ta hau da ita tudun Nakkasa, unguwar da take zaune.

Mijin Hadijatu ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa. Sai ga shi yanzu in ta dawo akwai mai tsalle a bakin ƙofa. In ta shimfiɗa sallaya, Lulu takan koma gefe ta kwanta har ta sallame. Kwanonta daban, wurinta daban. Amma maƙwabta ba su duba wannan ba. Aka daina sayen masar da Hadijatu ke soyawa, aka fara cewa mala'iku sun ƙaurace wa layin.

Ƙanenta Ɗan'azumi, mai jigilar fasinja tsakanin Makka da Jidda, shi ya zo da mafita.

"Yaya, halas, shi ke nan, ki bar damuwa. Akwai wata likita a Jidda, irin waɗannan take riƙewa, gida har da lambu. Ni zan kai ta da hannuna."

"Ɗan'azumi, amana ce fa. Ka ce mata a hannu take ci. Matashin nan kuma kar a raba ta da shi, in babu shi ba ta runtsawa."

"Wallah, ma fi mushkila, babu matsala."

Lulu na ta kartar gilashin motar har suka sha kwana. Hadijatu ta koma ɗaki ta yi kuka, tana jin kunyar kanta.

Duk Juma'a in ya zo cin tuwo sai ta tambaya. Shi kuwa bakinsa ba ya rasa labari: ta yi ƙiba, an yi mata aski, yaran likitar ba sa ajiye ta. Hadijatu har kishi take ji, amma ranta na sanyi.

Ana gab da azumi ta yi niyyar umara, ta ce ya kai ta masallacin Tan'im ta ɗauki harama. Ta zauna a gaba. Da suka tsaya a danja, ya ɗago yana gyara abin da ya tokare bayansa da shi. Kore ne, gefensa duk a tattaune.

Ta miƙa hannu ta zaro shi. Har yanzu akwai farin gashi a jikin ɗinkin.

"A ina ka ajiye ta?"

"Yaya, ai na faɗa miki, likitar..."

"Ɗan'azumi, harama zan ɗauka. Kar ka yi min ƙarya a kan hanyar nan."

Motar baya ta yi masa oda. Da ya ja, ya ce a hankali, "Babu wata likita. A bakin titin Jidda na sauke ta, wajen duwatsu. Mutane suna zaginki, Yaya. Kare ne fa, zai nemi abinci."

Hadijatu ta tuna bakin nan da bai taɓa ɗaukar ko loma daga ƙasa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk tuwon Juma'ar da ta zuba masa tana murna, tana ƙara masa miya saboda labarin askin.

"Tsaya nan," ta ce.

"Ba mu kai masallacin ba."

"Na ce ka tsaya."

Ta sauka a cikin rana da matashin a ƙirjinta, ta tare wata motar haya. Direban ya tambaye ta Harami ko Tan'im, ta ce titin Jidda, wajen duwatsu.