Takalman Baba Tukur

Lokacin yankan riɗi, sashen gaggawa na asibitin nan na Gadarif, wanda kowa ke kira Hawadis, cika yake yi har ya batse. Wannan lauje ya sare shi, wancan tarakta ta take masa ƙafa, ga 'yan gudun hijirar Jazira kwance har baranda. Fatna, ma'aikaciyar jinya, tun safe ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Ana cikin wannan hayaniya aka shigo da Baba Tukur, wani manomi daga Simsim. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu yana ɗaure damin riɗi. Da ƙafarsa ya shigo, har da murmushi.

Likita Hatim ya ɗebi jininsa a 'yar kwalba ya ajiye. Aka jira, aka sake jira, jini ya ƙi daskarewa. Maganin dafin kuwa ya ƙare, sai da aka tura mutum can ƙarshen gari ya nemo.

"Baba, dubi nan," in ji Fatna, tana karkata kwalbar. "Jininka ya zama ruwa. In ka tashi daga gadon nan, ta ciki zai riƙa zuba, kai ba ka sani ba."

"'Yata, ni fa garau nake ji."

"Ai haka kububuwa take!"

"Ke ba ki san riɗi ba. Ya nuna. In ban yanke shi yau da gobe ba, fashewa zai yi ya zube ƙasa, shekarata ta tafi. Me zan ba yara, ƙasa?"

Wai ba ta san riɗi ba! Ita da aka yaye ta a bakin gona a Doka. Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta haɗa shi da Allah da Annabi. Tsoho sai gyaɗa kai yake yi, idonsa na kan ƙofa.

Can aka ƙwala mata kira, an kawo mata mai naƙuda tana zubar da jini. Fatna ta sunkuya ta kwashe takalman Baba Tukur, ta cusa su a aljihun rigarta.

"To, bismilla. In ga ta inda za ka bi."

Har ya yi dariya. A lokacin ta ga jan da ya fara tsattsafowa a dasashinsa.

Ba ta samu kanta ba sai bayan azahar. Tana fitowa ta yi kiciɓis da ɗan aiken, yana haki, maganin na hannunsa. Ta fizge ta ruga. Gadon na nan, amma wani ne daban kwance a kai, da karyayyen hannu. Ƙasa kuwa ɗigon jini ne a jere, daga inda ya cire allurar ƙarin ruwan da aka sa masa har bakin ƙofa.

Ta bi ɗigon da gudu, tana ture mutane, har ƙofar asibiti.

"Ammu Siddiq!" ta kira mai gadi, wanda kowa ke ce wa Ammu, wato kawu. "Wani tsoho, ba takalmi?"

"Ya hau lorin Simsim tun ɗazu."

"Kuma ka bar shi? Kana kallo?"

"Ya binti, 'yata, mutum da ƙafarsa, ɗaure shi zan yi?" Siddiq ya dubi aljihunta da ya yi tudu. "Ya ma bar miki saƙo. Ya ce ki adana masa su da kyau, in ya gama yanka zai zo ya karɓa."