Akushi Na Uku

Oreste Mancardi bai taɓa riƙe bindiga ba. Littattafai yake rubutawa, kuma kafin yaƙi ba kowa ke karanta su ba. A cikinsu yana cewa duniya ta lalace tun ranar da aka ƙera inji, talaka ya fara ɗaga ido yana kallon na sama da shi, kuma babu magani sai an koma tsarin mutanen farko. Da yaƙi ya juya wa Italiya baya, sarki ya gudu kudu, shugaban 'yan baƙar riga ya faɗi, sai hafsoshin jam'iyyar da Jamusawan da ke riƙe da arewa suka nemi wanda sunansa bai ɓaci ba. Suka ɗauko shi daga ɗakin karatunsa, suka ajiye shi a wani babban gida a bakin tafki, suka ce shi ne Jagora. Sun zaci zai zauna ne kawai a riƙa ɗaukarsa hoto. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske.

Ya raba mutane hawa huɗu: masana, mayaƙa, manoma, sai masu aikin inji a can ƙasa. Ya soke kalandar coci, ya dawo da ta Romawan dauri, ranaku duk suka sauya suna. Sannan ya kafa dokar da ya fi alfahari da ita, cewa na ƙasa ba ya yi wa na sama magana sai an tambaye shi. Tunda babu kowa sama da Jagora, sai ya zamana babu mai fara yi masa magana. Shi kaɗai yake cin abinci a kan dogon tebur. Wata rana yakan tambayi kuku ko an yi ruwa, alhali yana ganin ruwan ta taga, don dai ya ji muryar mutum.

Yana da yaya guda, Nives, a ƙauyen Valcerra cikin duwatsu. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da kuɗin cukun awakinta ta tura shi makarantar birni tun yana ƙarami. Ita kaɗai ce ke kiransa Tino. Ɗanta Elvio makanike ne, saboda haka yana hawa na huɗu, kuma daga wannan hawan aka kwashi samari aka loda a jirgin ƙasa zuwa masana'antun Jamus. Nives ta zo bakin tafki kan maganar ɗanta, ta tsaya a ƙofar gidan da mayafinta baƙi. Manomiya ce, ba ta da izinin magana sai an tambaye ta. Oreste ya hango ta daga sama. Ya tuna shi da hannunsa ya rubuta cewa doka ba ta da ɗan uwa, sai ya saki labule. Tun daga ranar ba a sake jin labarin Elvio ba, ita ma ba ta sake zuwa ba.

Yanzu ga shi ana jin ƙarar igwa daga kudu in iska ta juyo. Hafsoshi sun rage zuwa, Jamusawa sun daina gaya masa komai. Da kaka ta yi nisa sai ya aika wa Nives soja da saƙo cewa yana nan tafe. Sojan ya dawo, da Oreste ya tambaye shi ya ce ta saurare shi har ƙarshe, ta ci gaba da tatsar akuya. Oreste ba girmamawar sarauta yake nema a wurinta ba, ba ma yafiya da baki ba. So yake ta dube shi ta ce Tino.

Ya tafi da direbansa kaɗai, Gaudenzio, tsohon soja ɗan yankin Valcerra. Da suka fito, Gaudenzio ya waiwayo kamar zai yi magana, sai ya haɗiye. A hanya ya sake waiwayowa. Oreste ya lura, amma bai tambaye shi ba.

Sun isa da la'asar sakaliya. Ƙauyen shiru, babu kowa a hanya, ba a ko jin ƙararrawar coci, don tuni aka sauke ta aka narke aka yi igwa. Oreste ya ɗauka tsoron motar gwamnati ne ya sa mutane ɓuya, abin ya sosa masa rai. Amma ƙofar gidansu a buɗe take. Wuta na ci a murhu. An shimfiɗa farin ƙyallen tebur wanda ba a fito da shi sai da dalili, ga tuwon masara a kan katako, ga dafaffen kastanya, ɗan itacen nan mai ɓawo na duwatsun, yana tururi, ga tulun ruwa da kwalbar giya. Akushi uku aka jera. Biyu manya ne. Na ukun ƙarami, da tsaga a baki wadda aka ɗaure da waya. Oreste ne ya tsaga shi yana yaro, ranar da ya jefi kaza da shi.

Ya tsaya yana lissafi. Ɗaya na Nives, ɗaya na mijinta Celso, ɗaya nasa. Ashe ta amsa saƙon. Ba ta iya faɗa wa soja ba ne, ta bari akushi ya faɗa.

Ya cire hula ya zauna. Ya yi niyyar jiransu, amma ƙamshin ya fi ƙarfinsa. Ya yanki tuwon da zaren da ke ɗaure a jikin katako, kamar yadda ta koya masa, ya ɓare kastanya yana hura yatsu. Rabonsa da jin daɗin abinci haka har ya manta.

Yana cikin ci ya ji muryoyi suna gangarowa daga tudu. Ta taga ya ga mutanen ƙauyen a jere, duka cikin baƙaƙen kaya, wasu riƙe da guntayen kyandir. Celso ne ya fara isowa wajen mota, ya leƙa ya ga direba.

"Gaudenzio, ɗan gidan mai jaki," in ji shi. "Kai ma ka mutu ne, ko rakiya ka yi?"

"Tuƙi kawai nake yi, kawu. Inda aka ce, nan nake tsayawa."

"To ka sauko ka sha wani abu. Kai dai da ranka, ko da yake fuskarka ba ta nuna ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Oreste. Tudun nan maƙabarta ce. A kalandar da ya soke, yau jajiberin ranar matattu ce, ranar da ake dafa kastanya, a shirya tebur, a bar ƙofa a buɗe, kowa ya tafi kan kaburbura don mamatan gida su shigo su ci ba tare da an takura musu ba. Manyan akusan nan biyu na babansa ne da innarsa.

Nives ta shigo. Ta tsufa, ta rame. Ta dubi ɓawon kastanyar da ke gabansa, ta dubi akushin, amma ba ta dubi fuskarsa ba. Ya miƙe.

"Yaya," ya ce. "Ni ne."

Ta juya wajen mijinta da ke bakin ƙofa. "Celso, bana an ci."

"Na gani."

"Yaya Nives, na ba ki izini, ki yi mini magana." Yana faɗa ya ji nauyin kalmar a bakinsa, ya so a ce bai furta ta ba. Sai ya tambaye ta, tunda tambaya ce kaɗai ya iya, ina akushin Elvio.

Ta amsa, amma murhu take kallo. Ta ce Elvio yana da rai, zai dawo, akushinsa na kan kanta tare da na masu rai. Ta ce tana da ƙane guda, yaro mai son karatu, ya rasu a wani gida a bakin tafki, ita ta je ba a bar ta ta ga gawar ba. Shekara biyu ke nan tana ajiye masa abinci. Ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, matattu ba a riƙe su da komai.

Daga nan ta buɗe ƙofar sosai, ta tokare ta da dutse kamar yadda ake yi don baƙin su sami hanyar komawa, ta zauna a gefen murhu ta fara addu'a a hankali. A cikin sunayen da take jerowa ya ji na babansu, ya ji na innarsu, sannan ya ji ta ce Tino.

Oreste ya ja da baya daga teburin. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita.

A mota ya tambayi Gaudenzio me ya sa bai gaya masa ko wace rana ce ba.

"Ba ka tambaye ni ba, ranka ya daɗe."

Motar ta kama gangara. Kyandirori na ci a kan tudu, a bayansu kuma ƙofar gidan na nan a buɗe. Gaudenzio yana jira a ce masa ina za su, don shi ba zai iya tambaya ba.