Takalman Kaka a Bakin Dakali

Yaya Gyeong-ae ta samu aikin tsaron zaure a wani gidan adana kayan fasaha a Seoul. Ana gwada ta ne tukuna, kuskure ɗaya a sallame ta, kuma da albashinta muke sayen maganin Kaka. Duk da haka Kaka ta nace sai ta ga wurin. Muka taso daga garinmu Hadong a motar safe, da ƙullin kimchi, tsimammen kabejin nan mai yaji, da za mu ba Yaya.

A hawa na sama akwai tsofaffin tuluna da zanen duwatsu. Kaka na jan ƙafa, ni ina jan ƙullin. Ta ce irin tulun nan uwarta ke zuba miya a ciki, kuma gida wannan girma babu inda mutum zai sa ɗuwawu.

Zauren Yaya na ƙasa, wurin kayan fasahar zamani. Da ta hango mu sai ta ɗan sunkuyar da kai. A tsakiya an gina ɗaki irin na ƙauye don kallo kawai, ƙofar takarda, dakalin katako, fararen takalman roba jere a kan dutse. Na tsaya sauya wa ƙullin hannu. Ina juyowa na ga takalman Kaka a cikin jerin, ita kuma ta miƙe a dakalin.

Shugaban zauren, wani mai suna Pyo, ya taho da sauri. Ya tambaya kakar wa ce. Yaya ta kafa wa bango ido.

Ni da ko a kasuwa ba na iya taya kaya, na ji bakina ya ce, “Tawa ce. Ni kaɗai na kawo ta.”

Ya kira ta daga ƙasa, ba ta motsa ba. Sai ya cire nasa takalman, ya jera su, ya hau da safa, ya durƙusa yana roƙon ta sauka.

“Ɗan nan, gidanku ba wutar ɗumama daɓe a ƙarƙashi,” in ji Kaka. “Haka kuke karɓar baƙi?”

Ya ba ta haƙuri, ya riƙe mata hannu har ta sa takalmi. Yaya kuwa ya ce mata gobe ta kewaye wurin da igiya. Na ji ya ce gobe, ashe ba a sallame ta ba, na ja numfashi.

Muka wuce ta gaban Yaya kamar ba mu san ta ba. A mota Kaka ta yi barci a kafaɗata, ƙullin kimchi yana kan cinyata har Hadong.