Ƙafa Ɗaya a Ƙasa

Babura uku Baba Sifana ya turo farfajiyar garejinsa, ya jera su a inuwar bango. Duk manya ne, irin na doguwar tafiya, masu gilashi a gaba da akwatuna a gefe. Guntuwa ta tsaya tana kallonsu, hular kwano a hannunta. Ko mafi ƙanƙanta a cikinsu sirdinsa ya kai mata ƙugu har ya ɗan wuce.

Mijinta, Dogo, yana zaune a benci, ya juya fuska wajen haske. Shekara ashirin ya yi yana hawan irin waɗannan babura, goma daga ciki da ita a bayansa. Bara idonsa ya fara dushewa. Yanzu abin da ke nesa kamar hayaƙi yake ganinsa, na kusa kuwa sai ya kawo shi dab da hanci. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce ɗan ganin da ya rage ma na watanni ne.

Mahaifiyarsa tana can garinsu, tafiyar awa bakwai, tsufa ya hana ta fita. Abu ɗaya Dogo yake so, ya ga fuskarta tun ido na gani. Sau biyu aka sa shi a mota, sau biyu aka juyo da shi daga hanya, don tun da idon ya lalace, da mota ta ɗau gudu sai jiri ya ɗebe shi, ya yi ta amai har ya galabaita. A kan babur ne kaɗai, iska na dukan fuskarsa, kansa ke zama daidai. Guntuwa tana da ƙaramin babur da take zuwa shago da shi, a kansa take kai shi asibiti. Amma wannan ɗan abin, ga mutum biyu ga kaya, ba zai yi awa guda a babbar hanya ba zai fara kuka, iskar manyan motoci na kaɗa shi kamar takarda.

"To, matar Dogo, bismilla," in ji Baba Sifana. "Ko a kawo miki tsani?"

"Baba, ka ƙyale ta," Dogo ya ce daga benci. "Ta fi ka iya shan kwana."

"Shan kwana ba shi ne hawa ba, ɗana. Tsayawa ce hawa."

Guntuwa ta sa hular kwanonta. Ta hau na farko, Baba na riƙe da shi. Ƙafafunta suka yi ta lilo a iska, ba wadda ta san inda ƙasa take. Na biyu ya fi kusa da ƙasa, amma da ta ɗaga shi daga kan jaki, ƙarfen da yake jingine a kai, sai ta ji nauyinsa duk a sama yake, yana neman jan ta gefe. Na uku, mai ruwan toka, bai kai shi nauyi ba. Ta miƙa ƙafa, kan babban yatsanta ya shafi siminti da kyar.

Ta sauko, ta zagaya shi. Sana'arta ɗinkin kujerun mota ne, ta san soso kamar yadda Baba ya san inji. Ta danna sirdin da tafin hannu, ta matsa gefe da gefe, ta auna faɗinsa da taƙi.

"Baba," ta ce a hankali, "ba tsawonsa ne ya hana ni ba. Faɗi ne. Yana ware min cinya, ƙafar ba ta sauka a miƙe."

Tsohon ya dube ta, ya dubi sirdin. Sai ya ɗauko sifana ya kwance mata shi.

Kwana biyu ta yi a kansa a shagonta. Ta ɓare fatar, ta zana layi da alli, ta bi gefunan soson da doguwar wuƙa tana fere shi kaɗan-kaɗan. Saman ba ta rage da yawa ba, don ta san awa bakwai a kan soso marar kauri azaba ce. Da ta zo wajen zaman na baya, ta tuna bayan Dogo da ke yawan ciwo, sai ta ƙara masa soso mai taushi, kaurin yatsa uku. Ta mayar da fata, ta ja ta tsaf, ta ɗinke.

Da aka ɗaura, rabin tafin ƙafarta ya taka ƙasa. Ɗaya dai, ba biyu ba.

"Ɗayar ta ishe ki," in ji Baba. "Kar ki nemi biyu, ba za ki samu ba, a wurin neman ne ake faɗuwa. Kafin ki tsaya, ki zame ɗuwawu hagu, ki bar babur ya ɗan kwanto miki, ki kafa ƙafar hagu. Ta dama tana kan birki, ba ruwanta da ƙasa. Kuma ki riƙa duban inda za ki taka tun daga nesa. Rami, tsakuwa, baƙin mai, duk maƙiyanki ne."

Ya ɗaure mata buhun yashi a baya, nauyin mutum. Kullum da safe kafin ta buɗe shago sai ta zo ta yi ta zagaya farfajiyar: ta tashi, ta tsaya, ta tashi, ta tsaya. Sau biyu babur ya kai ta ƙasa a makon farko. Baba ya nuna mata yadda za ta juya wa babur baya, ta kama hannunsa da ƙarfen baya, ta tashe shi da ƙarfin cinya. A mako na biyu bai ƙara faɗuwa ba. Cinyarta ta hagu ta yi tsami har ta daina ji. A makon nan ne kuma Dogo ya zuba ruwan zafi a gefen kofi maimakon ciki, ita kuwa ta goge tebur.

Ran da aka kwance buhu, Dogo ya lalubi kafaɗarta ya hau. Ta ja a hankali. Babur ya tafi sumul, suka zagaya sau ɗaya, har ta ji ya saki numfashi a bayanta. Ta nufi bakin ƙofa, ta rage wuta, ta zame hagu, ta kafa ƙafa.

Sai ta ji an fizge babur ɗin dama. Ƙafarta ta bar ƙasa. A dama kuwa ba ta da abin tarewa. Suka tafi gaba ɗaya, akwatin gefe ya daki siminti, madubi ya tarwatse.

Baba ya rugo ya kashe inji. Guntuwa ta zare ƙafarta, ta rarrafa wajen mijinta. Gwiwar hannunsa ta ɗaye, jini na tsattsafowa. Ya zauna a ƙasa yana lalubar hularsa.

"A bar maganar nan," ya ce. "Ya fi ƙarfinki. Ni na ɗora miki abin da ba naki ba. Zan kira Inna a waya, muryarta ma ta isa."

"Kai, rufe mana baki," in ji Baba Sifana. "Ina tsaye ina kallo. Wa ya aike ka sauke ƙafa? Ita ta kwantar da shi hagu, kai ka miƙa dama kana neman ƙasa, ka tafi da nauyinka duka. Wallahi buhun yashin nan ya fi ka iya zama."

"Ni ban sauke ba."

"Ka sauke!"

Can Dogo ya ce, "A ƙaramin ai kullum ina saukewa."

Guntuwa ta ɗago kai. Gaskiya ne. Wata takwas tana kai shi asibiti, duk inda suka tsaya dogayen ƙafafunsa sun riga nata isa ƙasa, ita kuwa ta saba har ba ta lura. A nan kuwa wurin zamansa ya fi tudu, ga soson da ta ƙara da hannunta ya daɗa ɗaga shi. Ƙafar ta tafi neman ƙasa inda ta saba samunta, ba ta same ta ba.

Ta yage gefen ƙyallen da take goge gilashi, ta ɗaure masa gwiwar hannu. Sai da ta gama ɗaurin sannan ta yi magana, ba ta dube shi ba.

"Maigida, shekara goma ina bayanka. Ko sau ɗaya ka taɓa jin na sauke ƙafa?"

"A'a."

"Ba don ba na tsoro ba ne. Ran da muka tsaya a gangaren nan cikin ruwan sama, kuka nake yi a cikin hula, ba ka sani ba. Amma na bar ƙafata inda take, don kai ke riƙe da mu." Ta ja numfashi. "Zan iya da babur ɗin nan. Zan iya da nauyinka. Abin da ba zan iya ba shi ne ka taya ni."

Baba ya koma gefe yana tsince gilashin madubi.

"Ba da gangan nake yi ba," Dogo ya ce. "Ƙafar ce ke tafiya da kanta."

"To ka matse ni da gwiwa. Duk lokacin da ta ce za ta tafi, ka matse ni, ko zai yi min ciwo."

A ranar sau talatin suka tsaya a farfajiyar. Sau huɗu ƙafar ta zame daga mataki, Baba na daka masa tsawa yana mayarwa. Da yamma ta kwance sirdin, ta zare rabin soson da ta ƙara. Washegari suka fita titi. A danja ta farko, motoci gaba da baya, ta zame hagu ta kafa ƙafa, ta ji gwiwoyinsa sun datse ƙugunta. Ta ƙirga numfashinta har fitila ta ba su hannu.

Bayan kwana biyar suka kama hanya da sassafe. Sau uku suka tsaya shan mai da miƙe ƙafa, kowane tun daga nesa take zaɓen inda za ta taka. Dogo bai yi jiri ba. Wani lokaci yakan ɗaga gilashin hularsa ya tambaye ta ko duhun nan na dama duwatsu ne, ta ce masa e.

Rana ta karkata suka shiga layin gidan. Ƙofar gidan gangare ce, ga tsakuwa. Ta wuce ta kaɗan, ta sami wuri mai tauri, ta tsaya. Ta kashe inji, ta sauke jaki da dunduniya, ta tabbatar ya kafu. Ƙugunta na zafi inda gwiwoyinsa suka yini.

Tsohuwar mahaifiyarsa ta fito tana dafa bango. Dogo ya ji takunta, jikinsa duka ya motsa, amma bai sauka ba.

"Wane ne wannan ya ƙame a bayan yarinya kamar an ɗaure shi?" in ji tsohuwar. "Kai, ba za ka sauko ka gaishe ni ba?"

"Sauka, Maigida," Guntuwa ta ce.

Ya sauka, ya cire hula, ya durƙusa. Sannan ya miƙe ya kama kafaɗun uwarsa, ya juya ta a hankali wajen da rana take, ya kawo fuskarsa dab da tata. Ya daɗe a haka.

"Inna, kin rame," ya ce.

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba," in ji ta, tana shafa kumatunsa.

Guntuwa tana nan a kan babur. Ƙafarta ta hagu ta ƙi daina rawa, sai ta jira ta lafa kafin ta sauko.